Get Ɗin Tsohon Alƙali

Auta,

Yayanki ne ke gaishe ki, gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, kuma aikin madatsar ruwan nan bai ramar da ke ba. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa ƙofar gida ba sanda, mita ce dai ba ta ragu ba. Antinki da yara suna gaishe ki.

Na kira wayarki har na gaji, kullum sai matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunki. Direban da ke kai muku siminti ya ce a can sai mutum ya hau tudu kafin ya ga sabis, shi ma ba ya zama. Shi ya sa na koma biro da takarda, na ba shi ya kawo miki.

Maganar kwamfutar shago ce. Ke kika yi digiri a kanta, ni kuwa da sakandarena kaɗai na zauna na koya wa kaina zana get a cikinta, ba malami ba littafi, har yau duk mai walda a garin nan bayana yake bi. To yanzu abin zanen ya ƙi buɗuwa. Wai sai an sabunta kwamfutar. Na danna ta sabunta, ta ce babu wuri. Babu wuri! Akwatin da na saya da gumina ne yake yi mini maganar mai gidan haya.

Da wani lokaci ne da ban dame ki ba. Amma akwai aiki a hannuna. Wani tsohon alƙali ya gina gidan da zai huta a ciki, ya zaga masu walda duk bai ga abin da ya yi masa ba, sai a wurina. Ya zauna a ofishina muka yi ta zane, a ƙara ganye nan, a lanƙwasa reshe can, sai da ya kusa fitar mini da furfura kafin ya ce, "Shi ke nan. Kada a ƙara, kada a rage." Ya tafi ganin likita, ƙarshen wata zai dawo ya tare, da baƙinsa. Na riga na haɗa firam, wato ƙashin get ɗin. Abin da ya rage in buɗe zanen in buga shi a takarda, mu shimfiɗa a tebur mu lanƙwasa ƙarfe a kai.

Ki rubuto mini yadda zan samar mata wurin, da Hausa, ba da turancinku na injiniyoyi ba. Kada ki damu da zanukana, suna inda ɓarawo ba zai taɓa leƙawa ba. Wuri kawai nake nema.

Yayanki.

*

Yaya,

Na samu takardarka, na yi murna ƙwarai. Sai da na karanta wurin mai gidan haya sau biyu ina dariya ni kaɗai. Ina lafiya, sai ƙura da ƙarar injina. A gaishe da Inna, a ce mata ta riƙa ɗaukar sandar ko don hankalina ya kwanta. Ina gaishe da Anti da yara.

Na ji daɗi da ka ce zanukan suna can a adane. Ashe ka riga ni, rabin aikin ya ƙare ke nan. Ga sauran.

Kafin ka goge ko da tsinke, ka sayi babban filash sabo. Ka kwafe komai da ke cikin kwamfutar ka zuba a ciki, komai da komai. Idan ta gama, kada ka yarda da ita. Ka buɗe filash ɗin da kanka, ka shiga kowace folda ka ga kayan da idonka. Na san ka da gaggawa, Yaya, amma a nan ka yi haƙuri.

Bayan haka sai shara. Na tabbata ma'aikatanka sun cika ta da finafinai da wasannin ƙwallo, ka goge su duka. Ka duba inda abubuwan da aka sauko da su daga intanet suke taruwa, nan ma ka share. Duk wata manhaja da ba ka amfani da ita, ka cire.

Sai abu na ƙarshe, wanda mutane ke mantawa. Abin da ka goge bai fita daga kwamfutar ba, yana kwance a kwandon shara ɗin nan da ke kusurwar allo, yana cin wuri. Ka danna kansa ka zaɓi a zubar da shi gaba ɗaya. Za ta tambaye ka ko ka tabbata, ka ce e. Daga nan za ka ga wuri ya samu, sai ka bar ta ta sabunta. Ka tabbata akwai wuta mai ƙarfi, kada ta yanke a tsakiya.

Idan get ɗin ya tashi a ɗaukar mini hoto. Ina so in ga abin da ya kusa sa maka furfura, tunda mu mun yi iya ƙoƙarinmu mun kasa.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya, ban da ni.

Auta, kin kashe ni. Zanukana sun tafi. Duka. Tun daga get ɗin farko da na zana har na alƙali, babu ko ɗaya.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Antinki. Zanukan a cikin kwandon shara nake ajiye su. Kada ki buɗe baki, ki saurara tukuna. Lokacin da nake aiki a ƙaramar rumfa ɓarayi sun fasa ta, sun kwashe injin walda, da waya, da guduma, har da takalmin aikina. Abu ɗaya suka bari a inda yake, kwandon shara. Tun ranar na ɗauki darasi. Ko makullin sito a ƙarƙashin takardun kwandon ofis nake sa shi. To kin tuna Bahago, wanda na ɗauko ko guduma bai iya riƙewa ba, na koya masa aiki har ya zama mutum, ya tashi ya buɗe shagonsa a bakin babbar hanya da zanukana cike da filash ɗinsa? Tun da ya yi mini haka na ce ba za a sake ba. Na ga kwamfuta ma tana da kwandonta, na ce madalla. Idan zan yi aiki in fito da zane, in na gama in mayar. Takardun da muke bugawa kuwa, abin da tartsatsi ya bari ni nake yayyaga shi da hannuna.

Kuma kada ki ce ban bi maganarki ba. Na sayi filash. Na kwafe komai. Na kama kwandon nan da kansa na ja shi na jefa a filash, na ga hotonsa ya fito a ciki. Kin ce in buɗe in gani da idona, na buɗe shi daga cikin filash ɗin, ga zanukana reras, har na ƙirga ganyen alƙali. Sannan na koma na zubar da na kwamfutar. Ta ce ka tabbata? Na ce mata na tabbata, ni ba yaro ba ne.

Na dawo filash in sake duba kayana. Wayam! Auta, wayam! Na cire na mayar. Na hura bakinsa na goge da riga. Na kai shi kwamfutar mai kemis na maƙwabta, can ma kwandon ya buɗe, amma sharar mai kemis ce a ciki, takardun magani da hotunan 'ya'yansa. Wannan wane irin sihiri ne? Na zauna a kujera ban san lokacin da hulata ta faɗi ba. Babban ma'aikacina ya leƙo ya ce, "Maigida, lafiya? Ko rasuwa aka yi?" Na ce masa ya ja mini ƙofa.

Na gwada zana get ɗin daga ka. Reshen farko ya zo, na biyu ya ƙi. Kuma mutumin nan rayuwarsa duka ya yi ta yana kama masu canja magana. Ganye ɗaya ya kauce zai gani. In ya ce a gaban baƙinsa ba wannan muka yi da kai ba, ina zan sa fuskata a garin nan?

Yanzu dai wuri ya samu, har ya yi yawa. Wutar unguwa tana wasa kwanakin nan, da ta daidaita zan bar ta ta sabunta ɗin. Wataƙila in ta sabunta hankalinta ya dawo ta tuna inda ta kai mini kaya.

Ke kika ce in zubar. Ki faɗa mini yadda ake kwasowa.

Yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira da mota a kunne.

KADA KA SABUNTA TA. Ka kashe ta yanzu, ka zare wayarta daga bango, kada kowa ya taɓa.

Innalillahi. Yaya, a kwandon shara? Na karanta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Da ka ce suna inda ɓarawo ba zai leƙa ba, wallahi na ɗauka wani filash ne ka kulle a gida. Ko a mafarki ban kawo wannan ba. Da na sani da ban rubuta layin nan ba.

Abin da ka ja zuwa filash ba kwandon ba ne. Kwamfuta ba ta yarda a ɗauke shi. Taga kawai ta buɗe maka, wadda ke kallon kwandon duk kwamfutar da aka soka filash ɗin a jikinta. Shi ya sa ka ga kayanka da farko, shi ya sa kuma ka ga na mai kemis. Ba sihiri ba ne.

Amma akwai sauran dama. Abin da aka zubar bai mutu nan take ba. Kwamfuta ta cire sunansa ne kawai ta ce wurin ya zama fili, kayan suna nan kwance har sai an yi sabon gini a kansu. Sabuntawa kuwa gini ne babba, a daidai filin nan za ta zauna. Ka ɗauke ta a kashe ka kai wa mai gyara na kirki, ka ce a dawo maka da abin da aka goge.

Idan kuma takardar nan ta same ka a makare, to hanya ɗaya ta rage, wanda yake da kwafi. Kai da bakinka ka ce Bahago ya tafi da su. Na san abin da za ka ce. Ka dai yi tunani.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Inna lafiya, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci. Ni ma ita ce tambayar da ake yi mini a gida yanzu.

Takardarki ta zo bayan an gama binne gawa. Motar direbanku ta lalace a hanya, ya kwana biyu yana jiran kayan gyara, takardar tana aljihunsa. Ranar da wuta ta daidaita na bar kwamfutar ta sabunta. Na zauna a gabanta ina kallon layin nan na kan allo yana cika a hankali, har addu'a nake yi ya yi sauri. Ashe kaina nake yi wa muguwar addu'a. Da na karanta manyan baƙaƙen da kika rubuta a sama, sai na ajiye takardar na dafe kai.

Duk da haka na kai ta wurin mai gyara. Ya wuni a kanta. Abin da ya fito da shi, Auta, gara ma bai fito ba. Rabin wani get na da, ƙasansa duk zane-zanen kore da ja kamar an zuba fenti. Finafinan ma'aikatana kuwa sun dawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na alƙali ko ƙurarsa. Abin zanen yanzu yana buɗuwa da sauri kamar walƙiya, sai dai babu abin da zai buɗe.

Maganar Bahago kuma, ban san da wane ido kika dube ni kika rubuta ta ba. Ni? In taka in je shagon wanda ya ci amanata, in ce don Allah sammini kayana? Mutumin da in mun haɗu a hanya nake duban gabas? Ko da zan je ma, me zai yi mini? Tsofaffin zanuka ya sata, na alƙali kuwa bana na yi shi, bayan ya daɗe da tafiya.

Ɗan alƙalin ya zo jiya duba aiki. Ya ga firam tsirara a jingine, ya ce, "Baba ya ce a tambaya ko ganyen sun fara fitowa." Na ce masa ganye sai da damina. Ya yi dariya, ni ma na yi ta dole.

Kada ki sake kawo mini sunan mutumin nan.

Yayanki.

*

Auta,

Ina gaishe ki da kyau. Kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, don na ga ke ma labarina yana kayar da ke.

Na je.

Ba don maganarki ba, kada ki ɗaga kai. Na yi lissafi ne irin na masu sana'a. Na ce a cikin tsofaffin akwai wani get mai reshe da na taɓa yi wa wata makaranta, in na same shi zan ɗora na alƙali a kansa, ko Allah zai sa ya yi kama. Na sa manyan kaya, na ajiye mota a inda kowa zai gan ta, na shiga kamar mai wucewa.

Yana tsugune yana walda. Da ya ɗaga gilashi ya gan ni, sai ya miƙe har yana tuntuɓe da waya. "Maigida! Yau kai ne a shagona? A kawo kujera! Ba wannan ba, mai kyan!" Ya yi ƙiba, har da tumbi. Na ce masa ba zama na zo yi ba, tsofaffin zanukana nake so in duba wani abu, tunda na san inda suke. Ban ce don Allah ba, ki shaida.

Bai yi musu ba, bai kuma ji kunya ba. Ya kai ni ofishinsa ya kunna kwamfuta. Auta, ga zanukana a jere, kowanne da sunan mai shi da shekararsa, tsaf, yadda ni kaina ban taɓa shirya su ba. Wai akwai kwafi a filash, akwai a wayarsa, akwai wani a gida wurin matarsa. Kayana! Ina bi da ido yana gangarawa, ina neman na makarantar. Sai na ga get ɗin mai gidan mai, wanda na yi bara. Na ce a raina ko idona ne. Sai na asibitin yara. Sai can a ƙasa, na ƙarshe, an rubuta Alƙali.

Ya buɗe. Ga reshe, ga ganye, har ɗan lanƙwasan da tsohon ya sa na gyara ranar da zai tafi.

Na juyo na dube shi. Na ce, "Wa ya ba ka wannan?"

Ya sosa ƙeya da hannun hagun nan nasa ya ce, "Maigida, kai ka koya mana rufe baki."

Na ce, "A ina aka same shi? Wurin da na sa shi ba wanda ya sani."

Wallahi sai ya dube ni da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Kwandon shara? Haba Maigida. Kullum da safe muna kallonka ta taga kana tona kwandon ofis kana ciro makullin sito. Ranar da na ji ka ɓoye zanuka, ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba. Kowa ya sani. Har mai kawo mana ruwa."

Ya zuba mini komai a filash ɗina, ya riƙo shi da hannu biyu ya miƙo. Ya rako ni har mota, ya buɗe mini ƙofa. Na tayar da motar ke nan ya sunkuyo ta taga ya ce, "In ta sake gogewa, ba sai ka taso ba, ka aiko kawai." Ban san yadda na iso shago ban taka kowa ba.

A hanya na shirya dabara. Ɓarawon yana cikin shagona, yana cin albashina, kuma sai na kama shi. Na tara su duka a gaban firam ɗin, na saki fuska, na ce, "Jama'a, Allah ya rufa mana asiri, zanen ya dawo. Wanda yake kai wa Bahago kayana shi ya fitar da ni kunya. Ya fito, ina da tukuici mai tsoka a gare shi." Niyyata yana fitowa in nuna masa hanya.

Suka dubi juna. Babban ma'aikacina, wanda nake bar wa shago in zan yi tafiya, ya tako gaba. Kafin in gama haɗiye wannan, mai fenti ya biyo shi. Sai masu yankan ƙarfe su biyu, kafaɗa da kafaɗa. Sai direban shago. Auta, har tsohon mai gadi, wanda ko kunna kwamfuta bai iya ba, ya jingine sandarsa ya shigo layi yana gyara hula. Ba wanda ya rage a baya sai firam.

Na tsaya ina kallonsu, suna kallona suna murmushi, kowa yana jiran rabonsa. Wane ne ɓarawon, wane ne makwaɗaicin, ko duka biyun ne, Allah kaɗai ya sani. In kore su duka, wa zai lanƙwasa mini ganye kafin ƙarshen wata? Na ce tukuici sai get ya tashi, kowa ya koma bakin aikinsa.

An buga takardun, an shimfiɗa. Reshen dama ya hau jiya, na hagu yana kan tebur, kuma ban taɓa ganin sun yi aiki da zafi irin na wannan makon ba. Alƙali zai samu get ɗinsa, ba ƙari ba ragi.

Na sayi filash na biyu, yana cikin ambulan ɗin nan. Na buɗe shi a kwamfutar mai kemis, zanukana na gani, ba 'ya'yansa ba. Ki ajiye mini shi a can inda ko waya ba ta zuwa. Kuma wannan labarin ya tsaya tsakanina da ke, kada Inna ta ji, don in ta ji gari ya ji. Ko da yake, yadda abubuwa suke tafiya, ba mamaki ta riga ni sani.

Yayanki.